Mai Keke a Bayan 'Yan Wasa

Baba ba ya son hoto. Bai taɓa cewa haramun ne ba, shi dai da zarar an ɗaga kyamara sai ya tuna bai yi alwala ba, ya bar wurin. Da ya rasu, abin da ya rage mana na kamanninsa guda biyu ne: ɗan fasfon da ke jikin katin aikinsa, wanda hatimin ofis ya cinye masa rabin kunci, sai kuma fim ɗin.

Fim ɗin ba nasa ba ne. Wasu 'yan wasa ne suka zo layinmu a Gyadi-Gyadi wata rana da la'asar, suka ari ƙofar gidan maƙwabcinmu, suka tsayar da mutum biyu suna faɗa a kan wani babur da aka sace. Baba kuwa ya taso daga ofis yana tura kekensa, domin tayar baya ta yi faci. Bai san abin da ake yi ba sai da ya shigo tsakiyar aikin mutane, can bayan masu faɗan, jikin katangar da 'yan siyasa suka cika da fastoci. Ya ja ya tsaya. Ya gane. Ya ɗaga hannun dama kamar mai ba da haƙuri, ya sunkuyar da kai, ya tura kekensa ya wuce. Masu fim ɗin ba su yanke wurin ba, watakila ma ba su lura da shi ba.

Da fim ɗin ya fito, abokan Baba suka same shi a ƙofar masallaci.

"Malam, ashe an shiga harkar fim ba a sanar da mu ba? Nawa suka ba ka?"

Ya shigo gida ransa a ɓace, ya ce kada ya ga faifan nan a gidansa. Ba a kawo ba kuwa har ya bar duniya.

Bayan Umma ta fita takaba, wata safiya tana shara ta kira ni, idonta a kan tsintsiya.

"In kin fita, ki duba min fim ɗin nan na mutumin da aka sace wa babur. An ce akwai ban dariya."

Babu ban dariya ko kaɗan. Dogon fim ne, faifai biyu, cike da ihu da waƙoƙin da ba su da dalili. Amma Umma ta riƙe shi. Takan sa shi bayan azahar, ta ɗauko farantin shinkafa tana tsinta, ta fara daga farkon fari, daga inda sunaye ke hawa. Baba ba ya fitowa sai an yi nisa a faifai na biyu. Idan wurin ya matso, sai in ga hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Mai keke ya shigo, ya ɗaga hannu, ya wuce. Hannunta ya ci gaba da tsinta. Takan bar fim ɗin ya kai ƙarshe, har a gano ɓarawon babur, sannan ta ce, "Shirme," ta kashe.

Ban taɓa jin Umma ta kama sunan Baba ba. A gabanmu "babanku" ne, a gaban baƙi "Malam". Ko ranar rasuwa ba ta yi kuka inda muke ba. Irin matan nan ne da za su gwammace ciwo ya cinye su da a ce 'ya'yan cikinsu sun gane suna kewar miji. Don haka mu ma muka koyi namu aikin: idan wurin ya zo, ni sai in duba farcena, yayana namiji, wanda nake kira Yaya, sai ya tashi shan ruwa. Sau ɗaya Yaya ya yi kuskure. Yana ganin taimako ne, ya ɗauki rimot ya ce, "Umma, bari in kai miki wurin kawai." Ta dube shi, ta ajiye farantin, ta shige ɗaki. Ta daɗe ƙwarai ba ta sake neman faifan ba, har muka ɗauka shi ke nan.

A shekarun nan ne wayoyi masu memori suka fara yawa a Kano. Yaya ya gama makaranta bai samu aiki ba, sai ya kafa ɗan teburi da lema a bakin kasuwar Tarauni yana tura wa mutane waƙoƙi da karatu da finafinai. Wayoyin lokacin ba sa ɗaukar fim yadda yake a faifai. Sai an matse shi, an rage masa faɗi da nauyi, har fim ɗin da ya cika faifai biyu ya koma ɗan mitsitsin abu da zai zauna a memori tare da wasu. Wannan matsewar ba a teburi ake yin ta ba, a gida ne, a wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton kai da ke ɗakin zaure. Tana cin lokaci sosai, kuma tana son mai gadi, saboda wuta. Jami'armu na cikin yajin aiki, ni kuma ba ni da abin yi sai karance-karance da kallon rufi. Na zama mai gadin kwamfuta. Daga gadi na koyi aikin.

Na so aikin fiye da yadda na zata. Ina son zama a ɗakin nan mai sanyi, fankar kwamfutar na huci, wani koren layi na rarrafawa daga hagu zuwa dama, ni kuma ina tunanin abin da ke faruwa a ciki. Manhajar da ke matse fim ɗin ba ta da mugunta, amma ba ta da tausayi. Tana duba kowane hoto, ta riƙe abin da take ganin ido zai nema, ta zubar da sauran. Fuskar jarumi idan ta cika allo, tana tsira. Ganyen bishiya ba ya tsira. Ruwan sama yakan koma wasu 'yan murabba'ai masu rawa. Zanen atamfa yakan narke ya zama launi ɗaya. Na taɓa matse wani fim da aka yi biki a ciki, taron jama'ar duk suka zama kamar fenti da aka zubar a ƙasa, amarya kaɗai ta rage mutum. Masu saye ba su damu ba. Su dai a ji magana, a gane waye jarumi.

Ana cikin haka maƙoƙon da ke wuyan Umma ya fara hana ta numfashi idan ta kwanta. Ta daɗe tana rufe shi da mayafi. Likitoci a asibitin koyarwa suka ce sai an yi aiki, aka ba ta gado. A asibitin nan Baba ya cika. Babu wanda ya ambaci haka a cikinmu, amma ranar da muka shiga da ita, na ga ta kawar da kai daga wani dogon baranda, ta ƙara sauri.

Matar da ke gadon kusa da nata wata Hajiya ce daga Hotoro, mai ƙiba da son hira, an yi mata aiki a ƙafa. Kullum wayarta na manne da hancinta tana kallon fim, tana ba 'yan wasan shawara da ƙarfi.

"Kar ka shiga! Wallahi suna ciki! Kai, wannan yaro da taurin kai yake."

Ana gobe za a shiga da Umma tiyata, na kai mata kunu da safe. Ta sha kaɗan. Ta kalli Hajiya, sannan ta jawo 'yar wayarta daga ƙarƙashin matashi, wadda Yaya ya saya mata don sauraron karatu.

"Wannan ma tana ɗaukar fim?"

"Tana ɗauka, Umma."

"To ki sa min ko ɗaya ne, zaman ya yi yawa." Ta gyara mayafinta a kan wuyan. "Kar ku wahalar da kanku neman sabo. Ko wancan na gida ma ya isa."

Umma ba ta roƙon komai. Daren jiya, in ji Hajiya, ta tambayi nas ko akwai waɗanda ba sa farkawa daga allurar barci. Yanzu kuma tana neman wancan na gida. Na karɓi wayar na ce, "To." Sista mai kula da ɗakin ta ce da sassafe za a zo ɗaukar ta, in muna da abin kawowa mu kawo a lokacin ziyarar yamma.

Daga asibiti zuwa gidanmu tafiyar ƙafa ce, amma ranar na tsayar da adaidaita. Na tarar da wuta, na yi hamdala. Na ɗauko faifan biyu daga cikin kwabar Umma, inda take naɗe su a ɗankwali. Bayansu duk ya karce. Na huhhura, na goge da gefen hijabina, na sa na farko. Kwamfutar ta yi gurnani, ta karanta. Na sa na biyu. Ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Na dafa kanta kamar mai lallashin akuya, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ta karanta.

Na haɗe su, na matse yadda muka saba matse kowane fim. Koren layin ya kama hanya. Na zauna na tashi, na wanke kwanukan da ba su da datti, na dawo. Da ya kai ƙarshe na tura a wayar Umma, na ja fim ɗin zuwa wurin.

Ga masu faɗan nan, ana gane su sarai, har haƙorin makkan ɗaya yana ƙyalli. A bayansu katangar fastoci ta zama dabbare-dabbaren kore da ja. Sai wani farin tabo ya shigo daga gefe, ya tsaya, ya yi ɗan motsi, ya fice. Babu keke. Babu hannu. Babu hula. Da ban san wurin ba, da na ce datti ne a fuskar wayar, in sa yatsa in goge.

Manhajar ta duba Baba, ta ga ba shi ne jarumi ba, ta zubar da shi.

Na sake gwadawa, wannan karon na sassauta matsewar, na bar wa hoton nauyi. Ya ɗauki lokaci fiye da na farko. Da ya gama, memorin Umma ya ce ba shi da wuri. Na ciro nawa na sa mata. Fim ɗin ya buɗe, amma wayar ta kasa ɗaukar nauyinsa: murya na tafiya, hoto ya ƙame a kan bakin jarumi a buɗe, sai can ya yi tsalle ya faɗa wani wuri. Da aka zo kan Baba, ta tsallake shi gaba ɗaya. Ko da ma ba ta tsallake ba, fuskar wayar ba ta fi kwalin ashana ba. Mutumin da ke can baya a talabijin, a nan bai kai ƙwayar shinkafa ba.

An kira azahar. Na yi salla ban san me na karanta ba. Na kira Yaya, ya bar wa maƙwabci teburinsa ya taho. Ya kalli farin tabon sau biyu, ya sosa ƙeya.

"Malama, ai haka abin yake. Na baya ba ya rayuwa."

"To ya za a yi?"

"Mu ɗauki talabijin ɗin da na'urar mu kai mata."

"Cikin ɗakin mata? A gaban Hajiya? Hajiyar ta gane, ta tashi tana ihu ga Malam ga Malam?"

Ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Mun san Umma wayar take so domin tana shiga ƙarƙashin mayafi.

"To yanko wurin kaɗai," in ji shi. "Ɗan guntu ne, sai ki bar masa nauyinsa."

"Ka manta rimot?"

Bai manta ba. Ya zauna a bakin katifa yana juya makullin babur ɗinsa a yatsa.

Akwai wani abu a manhajar da muke amfani da shi wajen yanke baƙin layin sama da ƙasa na finafinan waje. Kana jan wani ɗan akwati a kan hoton, duk abin da ke cikin akwatin ya zauna ya cika allo, na waje ya tafi. Na nuna wa Yaya akwatin.

"Idan na raba fim ɗin uku fa? Na farko da na ƙarshe in matse su yadda aka saba. Na tsakiya, wurin Baba, in ja akwatin a kansa shi kaɗai. Sai in mayar in ɗinke. Fim ɗin na nan cikakke, daga sunaye har kama ɓarawo."

"Su masu faɗan fa?"

"Su fita. Muryarsu ta isa."

Yaya ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Ke kin san me kike cewa? Tana cikin kallo, kawai sai Baba ya cika mata waya. Ai kin gaya mata ke nan. Kin tsaya a gabanta kin ce, Umma, duk shekarun nan muna ganin ki."

"Na sani."

"In ta ajiye wayar fa? Gobe za a shiga da ita. Kina so abin da za ta shiga da shi ke nan, kunyar 'ya'yanta?"

Hanya biyu ce a gabana, kowacce na iya raba ta da shi. In na kai mata farin tabo, za ta jira fim ɗin nan mai tsawo har wurin ya zo, ta ga babu kowa, kuma ba za ta iya cewa komai ba, domin a cewarta ban dariya take kallo. Na hango ta kwance, wayar a ƙarƙashin mayafi, tana jiran mutumin da ba zai zo ba. Wannan hoton ne na kasa ɗauka.

"Zan yi," na ce.

"Ba ruwana," in ji Yaya. Amma bai koma kasuwa ba.

Na buɗe wurin a babban allo, na tsayar da shi daidai inda Baba ya ɗaga hannu. Ban taɓa kallonsa haka ba, domin kullum farcena nake dubawa. Ashe akwai biro a aljihun gaban rigarsa. Ashe ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama saboda sarƙar keke. A bayan keken an ɗaure wata baƙar leda, na tabbata lemo ne ko rake, abin da yakan shigo mana da shi. Na ja akwatin a hankali. In na matse shi sosai a kan fuska, hoton yakan fashe, domin kyamarar ba shi ta nufa ba. In na buɗe, kafaɗar jarumi ta shigo. Na yi ta ja ina saki har na samu inda ya ɗauke shi daga hula zuwa gwiwa, da keken, da ɗan sararin da zai wuce ta ciki. Gwiwar hannun ɗaya daga masu faɗan ta ƙi fita, tana ta shigowa daga gefe tana fita. Na ƙyale ta.

Na sa aikin. Kashi na farko ya gama. Ɗan guntun tsakiya ya gama nan da nan. Kashi na uku ya wuce rabi, sai fankar sama ta fara rage gudu, allon ya yi baƙi.

An ɗauke wuta. Rana ta riga ta karkata, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Yaya ya fita. Can sai na ji shi a waje yana magiya da mai shagon ɗinkin da ke kusa da mu.

"Haba maigida, ɗan jan waya ne kawai. Saboda Umma ne, gobe za a yi mata aiki. Allah ya saka. Man ma ni zan zuba."

Ya shigo da doguwar wayar wuta ta taga, janaretan tela na ta ƙara a waje. Muka tayar da kwamfutar. Kashi biyun farko na nan. Na ukun sai daga farko. Na zauna na zuba wa koren layin ido, ina jin kamar da numfashina yake tafiya, in na saki zai koma baya. Duk lokacin da tela ya taka keken ɗinkinsa, sai ƙwan ɗakin ya dushe. Aka kira la'asar. Yaya ya yi tasa a zaure, ya tsaya gadi, na yi tawa.

Da aka gama na ɗinke, na tura a wayar. Ban tsaya kallon wurin ba sai a bayan babur ɗin Yaya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, iska na kaɗa hijabina. Masu faɗa suna ihu, sai hoton ya yi ɗan tsalle, suka ɓace. Ga Baba. Ba a fili sosai ba, fuskarsa kamar ana hango ta ta gilashin da aka hura wa numfashi. Amma hular tasa ce, karkacewar wuyan tasa ce, hannun ya tashi da yatsunsa a haɗe. Na kife wayar a cinyata. Yanzu da abin ya yiwu, tsoron ya fi na ɗazu.

Mun samu sauran lokacin ziyara. Yaya ya gaishe da Umma, ya ce zai je neman ruwan roba, ya gudu ya bar ni. Na miƙa mata wayar da iyafis na sawa a kunne.

"An samu?"

"An samu, Umma. Sai dai hoton ba shi da kyau sosai. Haka matsewa take yi."

"Ba komai."

Ta sa a kunne, ta juya wa Hajiya baya, ta ja mayafi ya rufe kanta da wayar. Ta fara daga sunaye, na ji kiɗan yana fitowa siriri. Na san tsawon fim ɗin, na san ba zai kai wurin ba kafin a kore mu. Na je na samu Sista a teburinta na ce ni ce mai jinya, a bar ni in ɗan ƙara. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ce mai jinya, ko ke ce ake jinya? Dubi fuskarki. Je ki zauna, kar ki faɗi min a nan."

Na zauna a kujerar roba a gefen gadon. Hajiya ta so hira.

"Wane fim ne ta samu haka har da lulluɓi? A tura min mana."

"Tsoho ne, Hajiya. Ba daɗi."

"Ai tsofaffin su ne fim. Na yanzu duk rawa."

Ina amsa mata, kunnena na kan ɗan sautin da ke fita daga mayafin. Na haddace fim ɗin kamar karatun allo. Ga waƙar farko. Ga zuwa wurin mai unguwa. Ga inda faifai na ɗaya yake ƙarewa. Masu ziyara suka watse, hasken taga ya koma ruwan goro. Hannun Umma na hagu yana waje a kan zanin gado, tana murza bakin zanin da yatsu biyu, kamar yadda take tsintar shinkafa. Sai na ji an fara faɗan babur.

Na duba farcena. Ban san me zan duba ba in ba shi ba. Amma ta gefen ido ina ganin hannun.

Ya tsaya.

Faɗan ya ci gaba, ya wuce. Hannun bai koma murza zanin ba. Na jira ta cire iyafis, ta miƙo min wayar ba tare da ta dube ni ba, kamar yadda ta ajiye faranti a wancan karon. Na shirya abin da zan ce, cewa kuskuren kwamfuta ne, cewa Yaya ne. Sai hannun ya ja ya shige cikin mayafin. Na ji ƙaramar ƙarar maɓalli. Faɗan babur ya dawo daga farko.

Umma, wadda ba ta taɓa yarda a taɓa rimot ba, ta mayar da fim baya. Ta sake mayarwa. Ban ƙirga ba. Na juya na fuskanci Hajiya sosai, na tambaye ta labarin ƙafarta tun daga ranar da ta faɗi, ta kuwa ba ni shi da tsawo, Allah ya saka mata.

Sai da aka kira magariba Umma ta yaye mayafin. Ba ta kai ga kama ɓarawo ba, ba ta kuma ce "Shirme" ba. Ta naɗe wayar iyafis ɗin a yatsunta a hankali. Idonta na kan bango.

"Ledar nan ta bayan keke," ta ce, "rake ne. Ni na ce a taho da shi."

"To, Umma."

"Ke kika shanye rabi, har kika yanke leɓe."

"Ban tuna ba."

"Ina za ki tuna." Ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta bar hannunta a kanta. "Ki ce wa yayanki ya kawo abin caji. Kuma ku tafi gida haka nan, kun bar ƙofa ba kowa."

Da safe da aka zo da gadon turawa, ta ba ni 'yan kunnenta da zobenta in riƙe. Wayar ce ƙarshe. Ta riƙe ta har bakin ƙofar da ba a wucewa, sannan ta sa min a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai.

"Kar a goge," ta ce.

An yi aikin lafiya. Ta farka bayan azahar, wuyanta a naɗe, muryarta ta tafi, sai da aka yi makonni kafin ta dawo. Da ta buɗe ido ta gan mu, ni da Yaya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta buɗe tafin hannunta a kan zanin gado. Na sa mata wayar. Yaya ya ce zai je neman ruwa, ni kuma na juya wajen Hajiya.